Ƙusar da yayana ya soka wa mataci

Shekarar da rijiyoyin fadamarmu a Aliero suka ja baya, dashen albasar yayana ya fara langaɓewa, kuma wannan albasa ce abincin gidansa na shekara. Ana cikin haka sai ga wasu injiniyoyi da farar hula mai ƙarfi, sun kafa inji a bakin lambatun da ke kwaso ruwan wanki da na mahauta. A cikin injin akwai mataci, wata 'yar fata siririya mai ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwan ƙazanta ya shiga, ya fito garau, a ba shuka.

Suka yi bayani da Turanci, ga manoman da ko "kam", wato zo, ba su sani ba, suka ɗauki hoto, suka kama hanyar Jega. Kai, ilimi ba hankali! Makulli kuwa suka damƙa wa yayana, don kawai ya fi kowa gyaɗa kai.

Ruwan yana fita kamar fitsarin akuya. Mutumin da ya saba da injin ban ruwa mai aman ruwa, ina zai iya wannan jira? Kwana uku ya daure. Ran na huɗu da hantsi na same shi ya kwance injin, ƙusa a hannu.

Na ce, "Yaya, don Allah bari. Wannan jinkirin shi ne aikin."

Ya ce, "Kai, mi kas sani? Toshewa yay yi. Tun ba a haihe ka ba nika gyaran inji."

Ya sossoke matacin kamar rariya. Ruwa ya ɓalle, maƙwabta har da tafi, wai Allah ya yi masa basira. Basira! Ruwa ne mai kumfar sabulu da gishiri da maiƙo, ya malala cikin fangalin albasa yana wari. 

Kafin mako dashen ya ƙone ƙurmus, lokacin sake renon iri kuma ya wuce. Har yau cewa yake injin Turawa ne bai dace da ƙasarmu ba.

Da kakar albasa na hango shi a kasuwa, ya ja rawani ya rufe fuska, yana tayin kashin albasa guda don miyar gidansa. Mai sayarwar ya gane shi, ya ƙara masa biyu gyara.