Ranar da aka yi wa sikana iso

Hoton maigidana guda ɗaya ne a duniya. An ɗauke shi yana tsaye a bakin magudanar ruwan rani, kwandunan tumatir a bayansa. Bayan rasuwarsa na ajiye shi cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Wata damina ɗakina ya yi yoyo, sanyi ya shiga kwallar. Da na buɗe sai na tarar farin tabo ya ci kafaɗarsa, kuma duk dubawar da zan yi sai in ga ya ƙara matsowa wajen fuska.

'Yata ta fari, wadda ba na faɗar sunanta, ita ce ke kula da kwamfutoci a wata makarantar koyon kwamfuta a Kura, a shekarun da salula ta fara yawa a hannun mutane. Ta ce: "Inna, kawo shi. Akwai na'urar da ke kwafe hoto, sikana. Ƙawata za ta ba ni aro."

Ƙawar tata 'yar Filato ce, Kirista, mai shagon hoto a Garun Malam. Ta kawo sikanar naɗe cikin bargo, ta ce lallai da la'asar za ta koma da ita, gobe akwai biki a cocinsu.

Can ɗakin ciki na makarantar suka kai ni, inda ba a shiga da takalmi. A nan babbar kwamfutar take, wadda suke kira saba, fanka na kaɗa mata iska ita kaɗai. 'Yata ta ce duk ƙananan da ke waje daga gare ta suke sha, kamar yadda gonakinmu ke sha daga babbar magudana.

Aka jona sikana. Shiru.

"Ta lalace ne?" na tambaya a hankali.

"Lafiyarta ƙalau, Mama," in ji ƙawar. "'Yarki ce ta zaɓi kwamfuta mai girman kai. Tawa ta shago ko gaisuwa ba ta jira."

'Yata ta yi dariya. "Taki gidan haya ce, kowa ya shiga. Wannan gidan mutunci ne." Ta juyo gare ni. "Inna, saba ba ta san baƙuwar ba, ba ta jin harshenta. Sai na nemo mata tafinta. Direba muke ce masa."

Faifan da ya zo da sikanar na wani irin tsari ne daban, bai yi ba. Sai ta shiga intanet neman wanda zai dace, abin yana saukowa kamar ɗigon ruwa daga tulu mai tsaga. Na zauna a tabarma, hoton a cinyata cikin mayafi. Allon baƙi ne wuluk, rubutu fari. Ni da na yi ajin yaƙi da jahilci ina gane kowane harafi, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana. Ita kuwa sai ta rubuta layi, na'urar ta amsa mata da layuka, ta gyaɗa kai ta sake rubutawa. Yarinyar da na goya ina tsinkar tumatir, ga ta tana zance da ƙarfe, ƙarfen yana ba ta amsa.

Bayan azahar tafinta ya samu. Ta nuna mini jerin gajerun sunaye, ta ce kowace na'ura tana da ƙofarta a cikin saba: ga ta firinta mai buga takarda, ga ta faifai, ga sabuwa ta sikana. Ta danna. Aka hana ta.

Ƙawar ta leƙa rana ta taga, ta fara ninke bargo. "Kada mota ta wuce ni fa."

Na ƙara riƙe mayafin. 'Yata ta ƙura wa allon ido, can ta dafe goshi. "Ƙofa na nan, amma maigidan saba kaɗai ke da ikon buɗe ta. Ban yi mana iso ba." Ta shiga da sunan mai iko, ta rubuta ɗan gajeren layi, ta fito ta sake dannawa.

Sikanar ta yi gurnani. Wani haske ya taso ƙarƙashin murfin yana tafiya sannu a hankali, fuskar kuma tana saukowa a allon daga sama. Hula ta fara fitowa. Ta girma har ina ganin zaren, na gane ɗinkina ne, har da wurin da shuɗin zare ya ƙare mini na cike da kore. Sai goshi, sai idanun da ya ƙanƙance saboda rana. Tabon ya tsaya daidai gefen gemu.

"Allahu akbar," na ce. Ƙawar ta ajiye bargon, ta dafa kafaɗata.

"A nan ba zai ƙara ci ba, Inna," in ji 'yata.

Ta buga mini babba a takarda. Tsohon kuwa, kafin wata damina tabon ya rufe fuskar duka. Sabon yana jikin bangona, jikokina suna nuna hular da yatsa.