Sa Hannun Yallaɓai

Shekara goma sha bakwai ana tambayarsa maganar rajista, shi kuma yana cewa saura ƙiris, har sunan ya bi shi. A ofis Ƙiris, a wurin gini Ƙiris. Surukarsa ma, da take jin nauyinsa, Malam Ƙiris take cewa, ita a zatonta sunan gidansu ne.

Ba wai bai iya aikin ba. Ya yi karatun zanen gine-gine ya gama, ya ci jarrabawar ƙwarewa a zama na biyu, ko da yake shi na farko yake faɗa wa mutane. Abin da ya rage kawai ya kai wa ƙungiyar masu zanen gine-gine kundin ayyukan da ya yi, kowane shafi da sa hannun ƙwararren da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, su ba shi lamba da hatimi nasa na kansa. Kundin nan ya zauna a saman kabad, ƙarƙashin wata matacciyar fanka, har gindin fankar ya fito a jikin bangonsa.

To, saurin me zai yi? Yallaɓai, mai ofishin, yana da hatimi. Mutum ne mai yawan taro da tafiye-tafiye, kuma tun shekara ta biyu ya fara cewa ta waya, "Sa min hannu kawai, na yarda da kai." Ƙiris ya zauna ya koyi abin: zagaye babba kamar kunnen kofi, jela mai gangarowa, ɗigo biyu. Ya ƙware har ya fi mai shi, kuma in za a faɗi gaskiya, yana jin kansa a kan haka.

Ana nan sai ɓarin jikin Yallaɓai na dama ya shanye. Kowa ya zo dubiya, kowa ya ga hannun a kwance bisa matashi, ba dama kuma a ga sa hannu mai jela yana fitowa daga ofis duk mako. Zanen wani ƙaramin asibiti yana kan tebur an gama shi, babu mai sa masa hatimi. Ƙungiya kuwa ranar Juma'a take rufe karɓar kundi, sai kuma baɗi. In Ƙiris bai shiga bana ba, ofishin rufewa zai yi.

Ya sauko da kundin ya kakkaɓe, ya baje shi a teburin cin abinci, ya ɗauki biro. Shafi arba'in da shida, aikin rabin awa ne in ya sa tsohon kwanan wata.

Matarsa, malamar makaranta ce, ta tsaya a kansa da kwanon wanke-wanke a hannu.

"Baban yara, takardar da za ta shaida kai mutumin kirki ne, ita ma kai za ka sa mata hannun wani?"

"Wa ya ce miki? Gwada biron nake yi."

"To gwada shi a bayan kalanda."

Haushi ya kama shi, don ta yi gaskiya, kuma ba ya son ta riƙa yin gaskiya da kwano a hannu. Washegari ya kai kundin gidan Yallaɓai.

Kwana uku tsohon ya yi yana sa hannu da hagu, uwargidansa tana danne masa shafi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Abin da ya fito ba zagaye ba jela, sai ka ce kiyashi ya faɗa tawada ya fito yana neman gida. Ƙiris ya rungume kundin ranar Alhamis ya nufi ofishin ƙungiya yana jin kansa fes kamar sabon wanka.

Akawun, wata mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga kai sai dole, ta buɗe shafin farko, ta jawo fayil ɗin Yallaɓai, ta zaro wani tsohon zane ta ajiye gefe da gefe.

"Malam, wannan ba sa hannunsa ba ne. Ga nasa nan, dubi kyansa."

Ƙiris ya duba. Shi da kansa ne ya sa shi, ya ma tuna biron. Abin kunya, kafin gabansa ya faɗi sai da ya ɗan ji daɗin yabon.

"Ba shi da lafiya ne, da hagu ya yi."

"Allah ya ba shi lafiya. Sai dai ya zo ya sa ɗaya a gabana. Gobe ƙarfe huɗu muke rufewa."

Washegari shi da Yallaɓai suka iso ƙarfe uku saura kwata. Ƙiris ya fito da keken marasa lafiya daga bayan mota, ya zaunar da Yallaɓai, ya tura shi har bakin ginin, sai ya tsaya cak. Ofishin rajista a sama yake. Matakala ashirin da uku, tsaye kamar tsani, babu na'urar hawa, babu gangarar da keke zai bi. Jiya da gudu ya haye ta, ko a jikinsa.

Kuma ba shi da wanda zai zaga. Shekara goma sha biyu da suka wuce Yallaɓai ya yi wa ƙungiya alkawarin zanen ofishinta kyauta, ya hau jirgi ya tafi taro. Ƙiris ya zana shi cikin kwana biyu. Ya matse matakalar don zauren taro ya ƙara faɗi, ya goge gangarar don wai tana ɓata fuskar gini, ya sa zagaye da jela da ɗigo biyu.

"Yallaɓai, bari in roƙi akawun ta sauko."

Bakin tsohon ya karkace, amma magana tana fita. "Ina cikin ƙungiyar nan tun kafin a haifi matar nan. Ba zan sa hannu a bakin titi ba. Durƙusa."

Ƙiris, mai shekara arba'in da shida da tumbinsa da ciwon gwiwa, ya durƙusa ya goya maigidansa. A matakala ta takwas ya fara ganin taurari. A ta sha biyar takalminsa ɗaya ya zame ya gangara ƙasa, ya bar shi. Haka suka shiga wurin akawu, ƙafa ɗaya da safa mai huda. Wannan karon ta ɗaga kai, har ta miƙe tsaye ta jawo kujera.

Yallaɓai ya sa hannu da hagu, a hankali. Ta buga wa kundin tambari, ta rubuta lamba a ƙaramar takarda ta miƙa wa Ƙiris, ta ce hatimi zai fito bayan mako biyu. Abin da ya yi shekara goma sha bakwai yana gudu bai kai minti goma ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Suna tsakiya, Ƙiris ya dafa bango yana haki, ya ji muryar tsohon a kunnensa.

"Wa ya zana wannan matakalar?"

"Ofishinmu ne, Yallaɓai."

"Na sani. Sunana ne a kai. Ban taɓa ganin zanen ba."

"Ba ka gani ba."

"Ban tambaya ba kuma. Shekara goma sha biyu. Mutum nawa irina suka zo nan suka tsaya a ƙasa, suka juya?"

Kunya ta rufe Ƙiris, irin wadda bai ji ba ko a gaban akawu, ko a gaban matarsa. A da yana ganin abin da ya yi wayo ne na ofis, tsakaninsa da maigidansa, ba wanda ya cuta.

"In hatimin ya fito," in ji Yallaɓai, "kafin asibitin, ka zana musu gangara."

"To, Yallaɓai."

"Ka kawo min in gani kafin ka sa hannu."

Ƙiris ya gyara goyon, ya lalubi matakala ta gaba da ƙafar da ba takalmi.