Kayan Jariri a Rudun Albasa

Shekarun baya, ina da cikin fari, na ruɓar wa maigidana da albasar da ya fi ji da ita. Abin da ya tuno mani da zancen, kwanan nan ƙawata ta ara mani wani littafin barkwanci na wata mata da ba ta iya wuce kanti, ga ciki, ga zullumin miji. Ta ce zan sha dariya. Na ɗan yi dariyar, amma da na rufe littafin gajiya ce ta sauko mani.

A Tama muke zaune lokacin, gidan iyayensa. Manomin albasa ne, kuma mutum ne da za ku yini tare maganarsa ba ta cika goma ba. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, hannuna ba ya riƙe kuɗi. In na ji daɗi in yi sayayya, in raina ya ɓaci in yi wadda ta fi. Da cikin ya fito, shirunsa ya ƙaru. Ya dawo daga garkar albasa, ya dubi cikina, ya kau da kai, ya ci tuwo ya fita. Sai na sa wa raina ya gaji da ni ne. Na kumbura, na yi baƙi, ga tofar da yawu ba hutu. Na ce shi ke nan, mutumin nan jira yake a kai ni gida goyon ciki ya huta.

Duk wata nakan je Madawa awo. Awon ba ya daɗewa, kasuwa ce ke cinye yinin. Na sayar da awakina biyu, na kwashi adashi, duk suka tafi a robar wanka, 'yan riguna, safa, hoda, hular ulu a wannan zafi namu, har da keken koyon tafiya, don yaron da ko motsin kirki bai fara ba. In na riƙe 'yar riga a hannu sai in ji hankalina ya kwanta, kafin mota ta iso Tama kuma ya sake tashi.

Matsalar ita ce wurin ajiya. A wajenmu mai cikin fari ba ta ko nuna ta san da shi, balle ta shigo gidan surukai da robar wanka a ka. A bayan gidan akwai rudu uku, wato rumbun albasa na kara da ciyawa da ake ɗagewa daga ƙasa. Na ƙuryar shi ne na zaɓaɓɓiyar albasa, wadda maigida ke son riƙewa sai ta yi tsada. Na ce masa ya bar mani shi, ni zan riƙa dubawa ina tsince wadda ta lalace. Ya dube ni ya ce, “To, madalla.” Rabon da ya yaba mani haka har na manta.

Na ture albasar gefe, na jera kayana, na mayar da ita a kai. Don kada wari ya kama su, na sayo babbar leda na shimfiɗa a ƙasan rudun gaba ɗaya, na rufa wata a saman kayan. Har yaba wa kaina dabara na yi. Ni 'yar Bangi ce, hatsi muka sani a gidanmu. Ba wanda ya taɓa gaya mani cewa iskar da ke shiga ta ƙasan nan ita ke riƙe da albasa.

Wata na bakwai, farkon damina, aka zo ɗaukata. Uwar mijina ta yini a tsakar gida tana sallamar baƙi, ban ga hanyar kwashe kayan ba. Na hau mota na bar su.

Na sauka lafiya, 'ya mace. Ranar suna maigida ya zo cikin maza da wani ɗan rago da na ji kunyar ganinsa, ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Ƙanwarsa ce ta matso kusa da kunnena.

“Rudun ƙurya ya ruɓe tas,” in ji ta. “Wari ya ishi gida anka buɗe. Munka yi ta kwasa da shebur, sai ga keken jinjiri.”

Na ce, “Mi yac ce?”

“Ko uffan. Ya kwashe kayan ya kai ɗakinku ya kulle.”

Na gama wankan arba'in, lokacin da dangin miji ke zuwa ɗaukar mai jego. Ba wanda ya zo. Kwana hamsin, wata biyu, shiru. In na kira shi a waya sai ya ce, “Lahiya lau. Ya jinjira?” ya kashe. Maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya wai har yanzu wankan ake. Na ɗaure kayana na kwance ya fi sau biyar. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka takarda aka kawo mani. Mahaifiyata ta gaji da ni ta ce, “Ke kin ruɓar da albasa, yanzu kuma nono za ki ƙahwar da kuka? Tashi ki sha kunu.”

Muna cikin wata na uku ya zo, a kan babur na aro. Ya rame, wuyansa duk ya yi kanta. Ashe tun bayan suna yana Madawa yana dakon buhunan albasar wasu zuwa manyan motoci, don ya samu kuɗin iri da abin da zai riƙo wa iyayena. Ba zai zo ɗaukar mata hannu rabbana ba. A bayan babur ya ɗauro robar wankan nan, cike da riguna a ninke.

Na durƙusa a zaure na fara ban haƙurin da na yi wata biyu ina shiryawa. Ban kai rabi ba ya turo mani robar.

“Na wanke su. Gwada mata.”

Na yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta yi ƙiba, ba wadda ta shige ta, sai hular ulu. Nan kuka ya ƙwace mani, na yi tambayar da ya kamata in yi tun a Tama. Na ce, “Don Allah, gajiya ka yi da ni?”

Can ya ce, “Tsoro nike ji. Yayata wurin haihuwar hwari ta tahi. In na dubi cikinki ita nike gani.”

Na san da rasuwar, tun kafin aurenmu aka yi ta. Ko sau ɗaya ban taɓa haɗa ta da shirunsa ba, ina can ina lissafin kumburin ƙafata. Na share hawaye na ce, “To, albasar hwa?”

Ya ce, “Ɗauko zanenki, rana na yi.”

Waccan shekarar rabin garkar ya ba wani ya noma, don ƙarfinsa bai kai ba. Uwar mijina ta yi mani faɗa har muryarta ta dushe, kuma wallahi daɗinsa na ji, don na san an biya wannan an wuce. Shi ne dai har yau, da 'ya'ya uku a tsakaninmu, bai ce kanzil a kai ba. Sayayya ban daina ba, na rage dai. Abin da na koya shi ne in buɗe baki in tambaya kafin in yanke wa mutum hukunci a raina, ko da amsar da nake samu yawanci “ba komi” ce.

Mutane na cewa na yi dacen miji mai haƙuri, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai ba su san nauyin laifin da aka ƙi yi maka faɗansa ba. Bara na kasa daurewa, na same shi yana gyaran taya na ce don Allah ya yi mani faɗan albasar nan mu rabu da shi. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi tunani da gaske, ya ce sai ya samu lokaci. Ina nan ina jira.