Tafin Hannun Malam Ya'u

Shekara goma sha tara na yi ina fesa fenti a garejin Alhaji Garba da ke Sharada, bayan wani kamfanin robobi, kuma ban taɓa sallamar mota ba sai ta bi ta hannun Malam Ya'u. Ni Usaini, nawa fesawa ne. Shi kuwa nasa ya goge fentin, ya kashe ƙarce da dusashewar rana, ya fito da ƙyalli. Kayan aikinsa kaf ba su cika bokiti ba: samfefa mai laushi, gwangwanin man folish, sai tsofaffin singileti da matarsa Atika ke wanke masa ta ninke.

Mutumin Ringim ne. Ya zo Kano da ƙuruciya ya kama aiki a wata masaƙa a Bompai, da aka rufe ta ya faɗo gareji, ya yi gida a Panshekara. Gajere ne, ba shi da yawan magana, sai taurin kai na ban haushi. Kafin ya taɓa mota da komai sai ya wanke hannu tas, ya rufe ido, ya shimfiɗa tafinsa a jikinta ya bi tun daga gaba har baya. Sai ka ji ya ce, “Nan an taɓa buge ta, an cike lotsawar da fila.” Ya matsa kaɗan ya ce, “Nan fentin ba kauri, kada a danna.” Dillalan mota sun ƙi jininsa. Mutum zai gama rantsuwa cewa mota ba ta taɓa shan fenti ba, Malam Ya'u ya shafa sau ɗaya ya tona masa asiri.

Ni ma ban tsira ba. “Usaini, jiya kun yi faɗa da uwargida ko?” in ji shi wata rana. “Ƙofar baya ta sha fenti ya fi na ta gaba.” Kuma wallahi mun yi faɗan. A duk zamanmu bai taɓa yabon aikina ba, iyakarsa ya gyaɗa kai ya ɗauki tsumma. Kwana uku yake yi a kan mota ɗaya, yana murzawa yana zagayawa, inda ƙarce ya yi zurfi ya danna ya daɗe a wurin har sai ya ɓace. Alhaji Garba bai taɓa ce masa ya yi sauri ba.

Da Alhaji ya rasu, ɗansa Muhsin ya karɓi garejin. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Amma ya ga abin da ake yi a waya, ya ga garejin maƙwabta na sallamar mota huɗu a rana. Sai ga shi da injin folish, mai faifan soso da ke juyawa, da wani magidanci Zakariyya da ya koyo aikin a Legas. Na so a ce aikin Zakariyya ba shi da kyau, da na samu abin zagi. Ina! Mutumin ya iya, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Muhsin ya ce a gwada. Aka kawo bonet ɗin wata tsohuwar mota aka raba shi biyu da salatif, kowa ya ɗauki rabi. Zakariyya ya gama kafin shayina ya huce. Malam Ya'u sai bayan la'asar ya ɗago. Aka kira wani direban babbar mota da ke jiran lodi a ƙofar kamfani ya yi alƙalanci. Ya duba nan, ya duba can, ya ce shi dai bai ga bambanci ba.

Malam Ya'u ya ce, “Rufe idonka ka shafa.”

Direban ya yi dariya. “Haba Malam, ai mota kallonta ake yi.”

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba, don gaskiya ya faɗa. Kashegari Muhsin ya kira Malam Ya'u gefe, da ladabinsa. “Baba, ku yi haƙuri. Gareji ba zai ɗauki kwana uku a mota ɗaya ba. Ku koyi injin nan, wurinku yana nan. In kuwa ba haka ba, ban san yadda zan yi da ku ba.” Mutum mai shekara hamsin da takwas, da iyali bakwai, ba shi da wata sana'a sai wannan. Ya zo ya zauna kusa da ni, ni kuma bakina ya ƙi mutuwa. Na ce, “Malam, ka koya mana. Wanda ya san fenti kamarka, sati biyu ka wuce Zakariyya.” Ni na faɗa, ba wani ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Wani tsohon inji aka samo masa na gwanjo, mai karkarwa kamar injin markaɗe. Ya tara tsofaffin ƙofofi a bayan gareji yana gwaji tun safe har magariba, ya damƙe injin da ƙarfinsa duka kamar zai gudu. Zakariyya ya sha gaya masa ya sassauta riƙo, ya riƙa hutawa. Wa zai gaya wa Malam Ya'u ya ji? Sati shida ya yi a haka. Na ga kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Na ga yana yarfe hannu, kan yatsunsa sun yi fari fat. Atika ta aiko mini cewa ya ɗauki tukunya daga kan wuta bai ji zafi ba sai da ta yi ihu. Na ce a gaya mata gajiya ce, zai wuce.

Ana cikin haka azumi ya ƙarato ƙarshe, Hajiya Badi'a ta kawo motarta. Baƙar mota ce ta marigayi mijinta, shekara goma sha biyar ke nan tana kawo ta kafin ƙaramar salla. An sha ba ta shawarar a sake mata fenti, ta ƙi. Ta ce da wannan fentin mijinta ya saya, a kansa yake jingina yana jiranta, a kansa za ta zauna. Kuma sharaɗinta ɗaya ne, Malam Ya'u kaɗai zai taɓa. Muhsin ya amsa mata da to, tana fita ya ce gareji ya cika da motocin salla, a yi ta da inji a gama kafin la'asar.

Malam Ya'u ya wanke hannu, ya rufe ido, ya shafa motar daga gaba har baya. Ya dawo ya sake shafawa. Ban taɓa ganin ya shafa mota sau biyu ba, ya kamata in gane tun a nan. Na ce, “Malam, yaya?” Ya ce, “Lafiya lau,” bai kalle ni ba. Ya kunna inji.

Rufin ya yi kyau, ƙofofi sun yi kyau, har na fara murna. Sai ya iso gefen gaba, saman taya, inda wani ƙarce ya ƙi fita. Hannun da ya yi shekara talatin yana danna ƙarce ya daɗe a kai, me zai yi? Ya danna, ya tsaya. Da tsumma, wannan shi ne gwaninta. Da inji kuwa, wuta ce. Kuma wurin nan shi da kansa ya cinye kaurinsa da gogar shekara da shekaru, da a ce tafinsa na ji, da ko kusa bai kai inji ba. Warin ƙauri na fara ji. Kafin in ajiye abin da ke hannuna, fentin ya saɓule, farin shafen da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, faɗinsa kamar bakin kofi.

Ya kashe injin. Ya ɗora tafinsa a wurin ya bar shi, ga wurin da zafi, bai janye ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta juyo ta ce, “Malam, ku ne?” Ya ce, “Ni ne, Hajiya.” Ta shiga a-daidaita-sahu ta tafi. Ni na fesa wurin, launi ya hau daidai, amma ba ta sake kawo motar ba. Muhsin bai kore shi ba, ya ce ya koma wajen wankin mota. Malam Ya'u ya ninke singiletinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a bokiti, ya yi wa kowa sallama.

Bayan salla da sati uku na je Panshekara ran Juma'a. Na same shi a zaure, ya rame. A asibiti sun ce jijiyar hannu ce karkarwar injin ta taɓa, wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Na tafi masa da murfin tankin mai da na fesa, da gangan na ɓata shi: na bar fenti ya zuba, na yayyafa masa yashi kafin ya bushe. So nake ya shafa ya zage ni, mu yi dariya, in koma in ce wa Muhsin hannu ya dawo.

Ya sa aka kawo buta ya wanke hannu. Ya rufe ido tun kafin in fito da shi daga leda, kamar yadda ya saba. Ya shafa a hankali, ya juya, ya sake shafawa. Atika na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa, daga can ma tana hango yashin.

“Ya yi sumul,” in ji shi. “Usaini, hannunka ya faɗa.”

Atika ta ajiye kwanon ta koma ciki. Na yi maza na karɓe murfin na cusa a aljihu kafin ya buɗe ido. Shekara goma sha tara ina jiran mutumin nan ya yabi aikina.

Na ce, “Na gode, Malam.”