Ba Mu Saki Muciyar Ba, Yaya Mursalih

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, ashirin da huɗu ga watan azumi, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Yaya Mursalih, a gidanka da ke Condet, a nan Jakarta.

Shekara talatin ina tuƙa dodol, alewarmu ta Sallah, a gefenka. Kai ka koya mini cewa madarar kwakwa da mazarƙwaila da garin shinkafa mai danƙo, in suka haɗu a kaskon tagulla, sai an yi awa takwas muciya ba ta tsaya ba, in ta tsaya kaskon duka ya ƙone. Duk Sallah kakan ware kaskon ƙarshe don zawarawan unguwa da tsofaffi, ka bi gida-gida da ƙafarka, a naɗe cikin ganye. Ba ka taɓa yarda a gode maka a gaban mutane ba.

Wannan kaskon ne ke kan wuta ranar. Ka tuƙa awa biyu da azumi a bakinka, ka miƙo mini muciya, ka ce bari ka ɗan kishingiɗa. Da kuka ya tashi a ɗaki, na yi niyyar saki. Matarka Rohaya ta fito, ido jawur, ta ce, "Sabeni, kada ka kuskura. Gida goma sha bakwai na jira."

Haka muka yi. Ana yi maka wanka a ciki, mu huɗu masu taya ka tuƙi muna karɓa-karɓar muciya a tsakar gida, hawaye da hayaƙi sun haɗe mana. Sai da muka sauke, sannan muka ɗauki makara.

Yanzu ina jin masu cewa mun yi rashin kunya, wai mamaci na kwance mu muna dafa alewa. To, su ji da kyau: ban yi nadama ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Wanda bai taɓa riƙe muciyar nan har tafinsa ya yi bororo ba, ya adana wa'azinsa. Da mun bar alewar ta ƙone, da sadakarka ta ƙarshe muka zubar.

Ranar Sallah na kai wa tsohuwa Jenab nata. Ta shafa ganyen, ta ce, "Shi ya tuƙa?" Na ce shi ya fara.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi wannan kasko a mizaninka. Yaya Rohaya, ke da yara, Allah Ya ba ku juriya. Baɗi in da rai, a hura wuta, ina nan tafe.