Ƙugiyar da Inuwa Ya Saka

Duk wanda ya san Inuwa Mai Kwamfuta a Gomari ya san mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Iyayensa Kanawa ne, fatauci ya kawo su Maiduguri, a nan aka haife shi. Ya yi ɗinki, ya bari. Ya ja keke napep, ya ce zaman ya yi masa yawa. Ya buɗe rumfar cajin waya, jiran batir ya cika ya kusa haukata shi. Gyaran kwamfuta ne kaɗai ya riƙe shi, shi ma don kullum da sabon abin taɓawa.

Daga baya ya gano Linux, manhajar nan ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara. Shi ke nan, ciwo ya samu. Ka kai masa kwamfuta don maɓalli ɗaya ya ɓalle, sai ka sha wa'azi kan Linux har ka manta abin da ya kawo ka. Yana yi yana kaɗa ƙafa, yana tashi, yana leƙa titi, kamar wanda ya bar madara a wuta.

Ciwonsa na biyu gyaran Hausar mutane. A garin da Babarbare da Bashuwa da mutanen kudancin Borno ke cewa "kofa" da "karfe" hankali kwance, kowa kuma ya gane, Inuwa sai ya ce, "Ƙofa dai." Har matarsa Suwaiba ba ta tsira ba. Ranar da ya ga Linux na da tsarin rubutu mai haruffan Hausa masu ƙugiya, murna ya yi kamar an yi masa haihuwa. Tun daga nan yatsunsa suka saba, ba sa ma shawara da shi.

Wata safiya Malama Ketura ta shigo shagonsa da tsohuwar laftof a cikin jakar leda. Malamar firamare ce a unguwar Jiddari Polo, ta manyanta. Ta ce na'urar ta yi nauyi, kafin ta buɗe sai ka dafa shayi ka sha. Amma abin cikinta ne damuwarta: muryar kakarta, waƙoƙin niƙa da na biki a yarensu, waɗanda ta ɗauka kafin rikici ya watse ƙauyensu. Kakar ta rasu. Ba ta da su a ko'ina sai nan.

"Ranki ya daɗe, ki kwantar da hankalinki," in ji Inuwa. "Linux zan saka mata, ta koma yarinya."

Ya kwashe waƙoƙin a filash, ya goge na'urar tas, ya fara sakawa. Da aka zo wurin kulle komai da kalmar sirri, ya ce lallai a kulle, kaya masu daraja ne. Malama na amsa waya a lokacin, ta ɗaga kai kawai ta ce, "Rubuta min *kauyenmu*." Ya rubuta, ya maimaita, ɗige-ɗige suka cika gurbin. Ya mayar mata da waƙoƙin, ya kunna ɗaya suka ji, ta yi godiya ta tafi. Ba ta kai bakin titi ba ya goge filash ɗin, ya zuba wani sabon nau'in Linux da yake ɗokin gwadawa. Da ya jira gobe, da an huta. Amma ai Inuwa ne.

Bayan la'asar sai ga ta ta dawo, ko sallama ba ta yi ba.

"Inuwa, ta ki budewa."

Ya yi murmushin gwanaye, ya juyo da na'urar. Don ya nuna mata sauƙin abin, ya ce ta rubuta da kanta yana kallo. Ta rubuta. Ta ƙi. Ya ce wataƙila babban baƙi ne, ta gwada. Ta ƙi. Ya ce a raba kalmar biyu. Ta ƙi. Murmushin ya fara bushewa. Ya tashi, ya zauna, ya kashe, ya kunna, ya hura maɓallai, ya goge gumi da hularsa. Ya san irin wannan kulle sarai, shi da bakinsa yake yabonsa: in ba kalmar, ko wanda ya ƙirƙiro shi ba zai buɗe ba.

"Ai suna cikin karamin abin nan naka ko?" Malama ta tambaya, tana nuna filash ɗin.

Inuwa ya kalli ƙasa. A rayuwarsa bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ga kunya a kai. Ya ce a hankali, "Na goge."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan benci, ta ɗora hannuwa a cinya. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Kalma daya fa. Kauyenmu."

"Ƙauyenmu," in ji Inuwa, bakinsa ya riga hankalinsa.

Sai ya tsaya cak. Ya kalli yatsunsa. Ya jawo na'urar, ya danna harafin mai ƙugiya, ya ƙarasa sauran. Allon ya yi ɗan jim, sannan ya buɗe.

Malama ta matso, ta nemo waƙa ɗaya ta kunna. Muryar tsohuwa ta cika shagon, a shaƙe, da ƙarar dutsen niƙa a ƙarƙashinta. Inuwa bai gane ko kalma ɗaya ba. Malama ta saurara har ƙarshe, tana share ido da gefen gyalenta.

Da hankalin Inuwa ya kwanta, sai baki ya buɗe. Ya fara bayani cikin sauri, cewa ai ba wata matsala ba ce, ga inda ƙugiyar take, ta danna nan kawai, a ƙa'ida ma haka ake rubuta kalmar.

Ta ɗaga masa hannu.

"Cire ta."

"Ranki ya daɗe, ai daidai…"

"Dana, ka taba zuwa can kauyen?"

"A'a."

"Ba kowa a can yanzu, ko akuya. Sunan da nake kiransa da shi ne ya rage min." Ta tura masa na'urar. "Rubuta yadda na fada."

Inuwa ya jawo kujera ya zauna. Ya rubuta harafi bayan harafi, yana nuna mata kowanne kafin ya danna.