Kujerar Bayan Barkono

Duk wanda ya taɓa cin tsire a Ƙuba, ko sairiyya kamar yadda Larabawan Madina ke ce masa, ya san Ƙasimu. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, gemu ya fara furfura, kuma ko wanka nawa ya yi sai ka ji ƙanshin ƙuli-ƙuli da yaji a jikinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga, ya tsallako teku ya yi aikin hajji, ya zo ziyara Madina ya ce shi kam ya iso gida. A nan aka haifi uban Ƙasimu, a nan aka haifi Ƙasimu, a wani lungu bayan tsofaffin gonakin dabino. Tukuba ya gada, wuƙa ya gada, haɗin yaji ma ya gada. Son mota ne kaɗai ba wanda ya san inda ya kwaso shi.

Motar kuwa ba wata ta a zo a gani ba ce. Tsohuwa ce 'yar Japan, ja, ƙarama mai ƙofa huɗu, irin wadda aka daina ƙerawa tun yana saurayi. Barkono yake ce mata. Da ita yake ɗauko nama daga mahauta, da ita yake jigilar buhunan gawayi, har wata rana ya gaji da cusa kaya ya kwance kujerar baya gaba ɗaya ya jingine ta a zaure.

A daidai lokacin ne gwiwoyin mahaifiyarsa suka ƙi. Hajiya Maiturare ke nan, wadda matan Ƙuba da na Al-Khalidiyya ba sa aurar da 'ya sai sun zo ta haɗa musu turaren wuta. Zama a ƙasa ya gagare ta, kujerar falo kuma ta ce lumewa take yi a ciki kamar an jefa ta a rijiya. Tana zama kan kujerar motar nan sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Yauwa, wannan ta san bayana." Ƙasimu ya kai wa mai walda ya yi mata ƙafafu, Hajiya ta ɗinka mata riga da koren yadi. A kanta take ciniki, a kanta take jan carbi, a kanta take salla a zaune. Jikokinta ma sun san ba a hawa.

Wani mai sayen tsire, Saifuddeen, shi ya ja Ƙasimu zuwa Nadin Harra. Ƙungiya ce ta masu son tsere don sha'awa, malamai da masu shago da ma'aikatan asibiti, da wani shimfiɗaɗɗen fili mai kwalta a kan hanyar Khaibar, cikin baƙaƙen duwatsu. Ana jera robobi masu tsini su zama hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, mota ɗaya ta shiga, agogo ya auna ta, ta fito wata ta shiga. Rukuni biyu ne. Akwai wakala, wato mota yadda kamfani ya ƙera ta, akwai mu'addal, inda masu ƙarfi ke sauya inji su sa abin da ransu ke so. Ranar da Ƙasimu ya fara zuwa, dariya aka yi masa, don da ya taka burki sai da ƙurar gawayi ta tashi a cikin motar. Da agogo ya yi magana kuwa, kowa ya haɗiye dariyarsa. Wallahi mutumin nan yana shiga kwana kamar yadda yake yanka nama, sili-sili, ba gaggawa ba ɓarna.

Nadin nan ba ya rabo da sauya doka. Wata shekara a ce girman inji za a duba, wata shekara a ce a'a, faɗin taya ne. Duk Ƙasimu ya bi, bai taɓa yin gardama ba. Ya yi na uku, ya yi na biyu, ya sake yin na biyu har mutane suka fara tsokanarsa da Sarkin Na Biyu. Sai bana. Bana kam shi ne a gaba a maki, tsere ɗaya ya rage ya ɗauki kofin wakala.

Amma akwai abin da ke cin ransa, kuma ba kofi ba ne. Hajiya ba ta son zancen tsere ko kaɗan. Tun ranar da aka kawo gawar Zainulabideen, ɗan maƙwabciyarta, wanda ya tafi kallon samari masu wasan ganganci da mota a kan titi, ta ɗauka duk gudu ɗaya ne. Da Ƙasimu ya fara gaya mata, cewa ta yi, "Auta, ban hana ka ba, ban kuma sa maka albarka ba. Kada dai ka ƙara kawo min zancen, don ranar da ka kawo, zan faɗi abin da ke bakina." Ya san abin da ke bakin nata. Ya kuma san kansa: in ta ce bari, ya bari ke nan har abada. Don haka shekara da shekaru yana tsere da rabin zuciya, yana ɓoye hular kwano a shago bayan buhun gawayi, mutum da gemunsa.

To, sai ga taron nadi. Wasu samari sun fito da sabuwar dabara: su kwashe kujeru, su yaye shimfiɗar ƙasa, su cire tayar ajiya, mota ta koma gwangwani mara nauyi, su ce wai wakala ce. Aka kawo shawarar cewa daga tsere mai zuwa, motar wakala sai ta zo da duk kujerunta na asali, wadda ta rasa ko ɗaya a tura ta mu'addal, makinta kuma ya bi ruwa. Wa ya fara miƙewa? Ƙasimu! Ya yi jawabi da Larabci, ya ƙara da Hausa don zafin rai, ya ce wannan ha'inci ne, ya ɗaga hannu tun kafin a ce a ɗaga. Doka ta wuce.

Saifuddeen, wanda shi ne mai fahas, wato mai duba motoci kafin tsere, ya jira aka tashi taro. Da aka fito sai ya taka zuwa wurin Barkono, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya yana kallon Ƙasimu. Ba komai a wurin sai ƙarfe da guntun gawayi. Ƙasimu ya dafe kai. Wallahi tallahi ya manta motar ta taɓa yin kujera a nan.

"Ya akhi," in ji Saifuddeen yana danne dariya, "kowa ya san ba don gudu ka cire ba. Bari in yi wa kwamiti magana a yi maka uzuri."

"Ni da na fara ɗaga hannu? Ina! In aka yi min uzuri, da wane ido zan kalli yaran nan?"

Ya zaga tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya shiga rana ya fita rana. Ya buga waya Jidda, ya buga Yanbu. Kowa sai ya ce, "Irin wannan? Allah ya jiƙanta." Kujera ɗaya ce tak a ƙasar nan da ya sani, kuma tana zaure, uwarsa na kai.

Matarsa Safiyyatu ta ce, "Ka ce mata mai walda zai gyara ƙafa, ka mayar kafin magariba."

"In yi wa Inna ƙarya a kan abin da take salla a kai? Haba, Safiyya."

"To ka je ka faɗa mata gaskiya, ka shirya sayar da hular kwano."

Ya yi kwanaki yana juya abin, har tsire ya ƙone masa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ranar Alhamis bayan la'asar ya wanke hannu ya shiga zaure. Hajiya na zaune tana murza itacen turare a cikin kwano. Ya durƙusa a gabanta, wannan ƙaton mutum.

"Inna, zancen da kika hana ni kawowa na kawo."

Ta ajiye kwanon. Ya kwashe komai ya gaya mata: wakala, mu'addal, samarin nan, hannun da ya ɗaga. Ya ce, "In kin ce a'a, shi ke nan. In kin ce in bari gaba ɗaya, khalas, na bari, ba za ki ƙara ji ba."

Ta dube shi. "Kai ka ce a yi dokar?"

"Ni ne, Inna."

"Ta kuma kama ka."

"Ta kama ni."

"Suka ce za su ɗauke maka kai, ka ƙi?"

Ya gyaɗa kai. Hajiya ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ubanka sak. Shi ma haka ya taɓa mayar da rago sukutum don ya ga tabo a hanta." Ta gyara mayafi. "Ba na ba da aron kujerata ta tafi inda ban sani ba. Inda za ta, nan za ni. In na gani da idona, sai in faɗi abin da ke bakina."

Ranar Asabar da hantsi aka sha kallo a Nadin Harra. Ƙasimu ya kwance ƙafafun walda, ya mayar da kujera mazauninta, ƙusoshin suka shiga ramukansu kamar jiya aka cire. Saifuddeen ya zo fahas, ya buɗe ƙofa, ƙanshin turaren wuta ya buge shi har ya ja baya. Ya ɗaga koren yadin, ya ga fatar asali, ya girgiza kujerar da ƙarfi, ya ce, "Wakala!" Samarin da suka mayar da nasu kujerun suna ƙunƙuni, su ma sai da suka yi tafi.

Hajiya kuwa an jera mata tayoyi a inuwar rumfa, aka shimfiɗa darduma, ta zauna da sandarta, bayanta na ciwo amma ba ta nuna ba. Idonta na kan komai. Ta ga motar asibiti a tsaye, ta ga 'yan kallo can bayan shinge, ta ga kowa da hular kwano da ɗamara. Ta taɓa Safiyyatu. "Ina mutanen da ke kan hanyar?"

"Ba kowa, Inna. Robobi ne kawai."

"Robobi," in ji Hajiya.

Da aka kira Barkono, Ƙasimu ya ji nauyin kujerar tun a kwanar farko. Ɓangaren bayan motar ya zauna daram, ba ya wutsil-wutsil kamar da, amma tashi ya yi mata wuya. Ya ce a ransa, to, haka aka ƙera ki, mu je. Bai taɓa roba ko ɗaya ba. Ya shiga kwanar ƙarshe taya na kuka, ya fito ya miƙe, duk motar na ƙanshin ɗakin uwarsa. Da aka faɗi lokaci, Saifuddeen ya manta shi alƙali ne, ya yi tsalle yana ihun "Mabruk!" Sarkin Na Biyu ya zama na ɗaya, kuma ba mai cewa an yi masa alfarma.

Bai tsaya ɗaukar hoto ba. Ya karɓi kofi ya nufi rumfa, ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, ya ajiye shi a gabanta.

Hajiya ta ɗauki kofin ta juya shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa da farce. "Zai riƙe garwashi," ta ce. Sannan ta ɗora hannu a kan gumin kansa. "Abin da ke bakina ke nan, Auta: Allah ya yi maka albarka, kai da motarka. Ranar tsere kujera taka ce. Sauran kwanaki kada in neme ta in rasa."

Ƙasimu ya yi kuka, wallahi, a gaban Larabawa da kowa, bai kuma ji kunya ba.

Da za a tafi ya ɗauko sifana zai kwance kujerar, ta ce ya bar ta, a kanta za ta koma. Aka taimaka mata ta shiga baya, ta jingina, ta rungume kofi a cinya. Ƙasimu ya hau hanyar Madina a hankali, yana lallaɓawa, manyan motocin dabino na wuce shi suna danna masa oda. Sun yi nisa kaɗan sai ya ji an zungure shi da sanda a kafaɗa.

"Auta, wai kai ne ka ci tseren? Taka mana, kada azahar ta wuce ni a hanya."